Amsar da Yaya Ƙamus Ya Ba Ɗansa

Yayana ya yi aikin gyaran rubutu a wata maɗaba'a har ya yi ritaya, kuma tun yana aikin babu mai kiransa da sunansa. Ƙamus ake ce masa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya rungumi abinsa, har yakan gabatar da kansa da shi. Mu ma ƙannensa muka bi sahu, muna cewa Yaya Ƙamus.

Kada a ɗauka Turancin ya fi kowa iyawa. In ka tsayar da shi gaban jama'a ka ce ya yi bayani, sai ya yi ta in-ina yana gyara wuyan riga. Abu ɗaya tak ya iya a duniya, kalmomin nan da kunne ke ji iri ɗaya amma rubutunsu da ma'anarsu kowa da nasa. A kansu ya ɗora rayuwarsa duka, kamar mutumin da ya sami ƙusa ɗaya a bango ya rataye kayan gidansa gaba ɗaya a jikinta.

Fita da shi azaba ce. Na taɓa raka shi wajen makanike, muka tarar an rubuta break a allon garejin maimakon brake. Mutumin yana kwance ƙarƙashin mota, baƙin mai har gira, Yaya ya tsaya a kansa ya ce, "Malam, birki kake gyarawa ko karya shi kake yi? Domin abin da allonka ya ce ke nan." A shagon kayan rubutu na bakin titinsu kuwa an sa stationary inda ya kamata a sa stationery. Ya shiga ya ce wa mai shagon, "Abin da ka rubuta ma'anarsa abu mai tsayuwa wuri ɗaya, ba ya motsi. To, ka yi gaskiya, tun da na san shagon nan ban ga ya motsa ba." Ya fito yana dariya shi kaɗai, ko fensir bai saya ba.

Ranar da mahaifiyarmu ta rasu, tsofaffin abokan aikina na asibiti suka aiko da katin ta'aziyya. Wadda ta rubuta ta sa morning, safiya, maimakon mourning, makoki. Muna zaune ido a kumbure, Yaya ya zaro biro daga aljihu ya cusa harafin da ya ɓace, sannan ya miƙa wa na kusa da shi katin ya gani. Tun daga ranar na daina jin nauyinsa.

A gidansa abin ya fi muni. Yaro bai isa ya kai cokali baki ba sai ya faɗi bambancin their da there, ko peace da piece, harafi bayan harafi. Wanda ya kuskure, a ture farantinsa gefe sai abincin ya huce. Matarsa tela ce, mace mai haƙuri da iya hannu, amma ya yi ta karanta wa baƙi saƙonninta yana ƙyaƙyatawa har ta daina rubuta komai, ko awon rigar mutane a ka take riƙewa. 'Yan matansa biyu suna yin aure suka koma gaishe shi ta bakin uwarsu. Wanda ya fi shan wuya shi ne namijin, wanda muke kira Dogo. Yaro ne marar magana, mai son ya faranta wa ubansa, kuma ya haddace kalmomin nan har ya zamana ko daga barci ka tashe shi ba zai haɗa principal da principle ba. Ya yi karatun kimiyya, ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin fenti a wani gari mai nisa, ya kama ɗaki shi kaɗai. Dokar uban ba ta canja ba: in za ka rubuto masa, to da Turanci, kuma ba ya son a kira shi a waya, wai magana ba ta nuna ilimin mutum.

Ni nas ce, na yi ritaya, amma nakan je in duba wa matar Yaya hawan jininta. Wata safiya na shiga da jakata na tarar da shi a baranda yana gugar kwat, fuska a murtuke. Wata makaranta ce ta gayyace shi alƙalancin gasar rubuta kalmomi, abin da ya fi ƙauna a duniya, domin a nan ne kaɗai ake biyansa da lemo ya ce wa yara sun faɗi.

Na gaishe shi, ya amsa a daƙile, ya ajiye dutsen guga ya miƙo mini wayarsa.

"Zo ki ga abin da ɗanki ya rubuto mini jiya."

In Dogo ya ci jarrabawa ɗansa ne, in ya yi kuskure ya zama nawa. Na sa tabarau na karanta. Saƙon gajere ne: Baba, I cannot bare it any more. I am too week to stand. Please come.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Bare da ya rubuta tsirara ke nan, ko a tuɓe abu. Wanda yake nufi bear ne, jurewa. Week kuwa mako ne, weak shi ne rauni. Wato ɗana, wanda na raina da hannuna, yana sanar da ni cewa ya yi mako da yawa har ba ya iya tsayuwa. Kuskure biyu a layi biyu. Ɗan firamare ba zai yi wannan ba."

"Ka karanta na ƙarshen?"

"Na ƙarshen daidai yake, babu kuskure."

Na dube shi, na ga har zuciyarsa yake magana. Na ja saƙon ƙasa na ga amsar da ya mayar. Ta yi tsawon shafi. Ya ware kowace kalma, ya ba da ma'anarta, ya kawo misali a jimla, ya ƙara da cewa bear tana kuma nufin wata dabbar daji, don kada ilimin ya tafi a gutsure. A ƙarshe ya ce Dogo ya sake rubuto saƙon yadda ya dace, sannan su yi magana.

"Ya sake rubutowa?"

"Ina fa. Kunya ta kama shi."

Gabana ya faɗi. Na yi shekaru ina kallon mutanen da zazzaɓi ya hau musu ka, na san yadda suke kasa faɗin sunan unguwarsu. Na ce, "Yaya, yaron da ka hana cin abinci saboda kalmomin nan, har ya fi ka riƙe su, shi ne zai haɗa weak da week da hankalinsa? Ba shi da lafiya. Kansa ne ba daidai ba."

"Sakaci ne. Yaran yanzu da waya, yatsa na gaba hankali na baya."

Na kira Dogo da tawa wayar, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake, haka. Matar Yaya tana tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ashe ba ta ma san da saƙon ba, don bai ga dalilin nuna wa wadda ba za ta gane kuskuren ba. Da na fassara mata, ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ƙafarta ba ta barinta doguwar tafiya, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Goggon yara, ki taimake ni."

Na ce wa Yaya ya ajiye gugar nan mu kama hanya. Ya ɗaga kwat ɗin yana duba kafaɗa, ya ce ya riga ya yi wa makaranta alkawari, kuma mutum mai mutunci ba ya saɓa alkawari saboda zato. Na ce to Allah ya ba da sa'ar gasa, na ɗauki jakata na wuce tasha.

Sai da rana ta yi sanyi na isa. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, da famfo ɗaya a tsakar gida da igiyoyin shanya. Matar mai gidan ta ce ta kwana biyu ba ta ga Dogo ba, ta zaci tafiya ya yi, domin shi ko yana nan ba ka jin motsinsa. Muka buga ƙofa, shiru. Ta kawo makullin ajiya, amma a sakace take ta ciki, sai da wani maƙwabci kafinta ya zo ya ɓalle sakatar.

Warin ɗakin ne ya fara tarbarmu. Dogo yana kwance a ƙasa tsakanin katifa da ƙofa, da alama ya taso ne ƙafa ta ƙi. Leɓɓansa sun tsage, ido ya faɗa, jikinsa kamar an ciro shi daga tanda. Akwai bokiti a gefe, da robar ruwa babu komai ciki, da busasshen burodi da tururuwa suka rufe. Wayar tana kusa da hannunsa. Na ɗago kansa na kira shi, ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Goggo, Baba ne ya aiko ki?"

Na ce ya yi shiru, mu je asibiti.

Taifod ne, ya daɗe yana cinsa. Likitan ya ce da an ƙara kwana da labarin ya zama wani. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka fara allurai, ni kuma na shimfiɗa zanena a benci na zauna gadi. Da hankalinsa ya fara dawowa, a hankali na ji sauran labarin. Kamfanin ya rage ma'aikata tun watannin baya, har da shi. Ya ɓoye mana, yana ta neman wani aikin, yana rage cin abinci, ciwo ya same shi babu kowa kusa. Na ce me ya hana shi kiran uwarsa, ko ni. Ya ce Mama hawan jini gare ta, ni kuma ya san zan gaya wa Mama.

"Ka ga amsar ubanka?"

"Na gani." Ya dubi ledar ruwan da ke ɗiga. "Gaskiya ya faɗa, na yi kuskure. Na so in gyara in sake turawa. Na rubuta bear, na rubuta bare, na zuba musu ido, Goggo, wallahi na kasa gane wacce ce wacce. Duk sai suka zama abu ɗaya. Sai na ce bari in jira kaina ya washe."

Namiji mai gemu, yana kwance yana mutuwa, yana jira kansa ya washe don ya nemi taimako ba tare da kuskure ba. Na tashi na fita baranda, don ba na son ya ga fuskata.

Yaya ya iso bayan kwana biyu, da kwat ɗin nan tasa da ledar lemo. Tun daga nesa na hango shi ya tsaya gaban wata takarda da aka manna a ƙofar ɗakin, inda wani ya rubuta patience, haƙuri, maimakon patients, marasa lafiya. Na ga hannunsa ya nufi aljihu. Ya hango ni ina kallonsa, ya mayar da hannun ya shafa ƙirji kamar ƙura yake kaɗewa.

Ya shiga ya tsaya a ƙarshen gado. Na ga ya razana da ramar yaron, wannan ba zan hana masa ba, har lemon ya kusa suɓuce masa. Na ce a raina yau dai zan ji bakin nan ya faɗi abin kirki. Ya gyara murya.

"Ashe abin da gaske ne."

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Dogo.

"Ai da ka fito fili ka ce mini ba ka da lafiya."

"Na ce, Baba."

"Abin da ka yi nufi ke nan. Abin da ka rubuta daban. Shi ya sa kullum nake gaya muku, kalma ɗaya tana iya..."

"Yaya," na ce, "zo mu je waje."

A baranda na gaya masa abin da na daɗe ina tarawa. Ban ɗaga murya ba, asibiti ne. Na ce na wanke gawa, na karɓi haihuwa, na ga mashaya da mahaukata da mazan da suka gudu suka bar matansu a kan gadon tiyata, amma ban taɓa ganin uban da ɗansa ya ce masa zo, ya tsaya duba haruffa ba. Na ce duk garin nan dariya ake yi masa, sunan da yake taƙama da shi ma zagi ne, shi kaɗai ne bai sani ba. Ya saurare ni yana kallon takalminsa. Da na gama ya ce ni dama tun muna yara ba na son karatu, shi ya sa nake jin haushin masu yi. Ya koma ciki ya ɓare wa Dogo lemo ɗaya, wanda likita ya hana shi sha, ya kama motar yamma ya tafi.

Da aka sallame mu, Dogo ya ce gidana zai sauka. Ban tambaye shi dalili ba. Na gyara masa ɗakin da nake ajiye tarkace, uwarsa tana zuwa kullum a keke mai ƙafa uku da kwanon abinci a cinya. A hankali nama ya dawo, ya fara fita, har yakan yi mini gyaran famfo da wayar wuta.

Ana haka labari ya fara dawo mini ta bakin mutane. Mai kemis na kusa da mu ya ce, "Ashe yayanki ne ya ceci yaron nan? Kai, ilimi daban ne." Na ce ta yaya? Ya ce ai Yaya ya ba su labari a wajen aski, wai yana ganin kuskure biyu a saƙon ya gane ɗansa ba ya cikin hayyacinsa, domin ɗan da ya horar ba zai taɓa haɗa weak da week ba, nan take ya tashi ƙanwarsa nas ya tura ta. Har wa'azi yake ɗorawa a kai, cewa wanda bai san bambancin kalmomi ba zai karanta saƙon ya wuce, ya rasa ɗansa.

Ban yarda ba sai da na ji da kunnena. Wasu 'yan uwa suka zo duba Dogo, Yaya ma ya zo, ya zauna a kujerar da ta fi kowace taushi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya kwararo labarin, da maganata kalma bayan kalma, har da dafa ƙirji a inda gabansa ya faɗi. Ina ganin ya maimaita shi har ya gaskata kansa. Matarsa tana zaune tana murza bakin mayafi. Dogo yana zuba wa baƙi shayi.

Wata 'yar kawunmu ta juyo ta ce, "Haka aka yi, Goggon yara?"

Na buɗe baki, sai Dogo ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. Na ce, "Ku sha shayinku kada ya huce."

Bayan sun watse na ce wa Dogo me ya sa ya hana ni. Yana wanke kofuna ya ce, "Bar masa, Goggo. Ba shi da wani labarin."

Bai daɗe ba ya sami aiki a wata masana'antar sabulu, ya koma wani garin. Wannan karon ɗaki ɗaya suka kama da wani abokin karatunsa, ni na dage a kan haka. Yana kiran uwarsa kusan kullum, su yi ta hira da Hausa tana dariya, ni ma yakan kira ni. In uban yana kusa yakan ce a miƙa masa, ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya ce a mayar wa Mama. Bai sake rubuta masa ko harafi ɗaya ba.

Yaya yana nan yana alƙalancin gasarsa. Wani lokaci in na je awon jinin matarsa sai ya biyo ni har bakin ƙofa, ya tsaya yana kame-kame, sannan ya tambaye ni ko yaron nan ya yi ƙiba, ko abokin zaman nasa mutumin kirki ne. Nakan ce lambar Dogo tana cikin wayarsa, ya kira ya ji. Sai ya ce layin garin ba shi da kyau, ba a jin magana sosai. Ni kuwa in rataya jakata in ce masa sai wani makon.